Shekarar da Na Ba da Aron Hannuna

Ladanin masallacin da ke bayan situdiyo ya ɗaga murya ke nan zai kira azahar, ranar wata Laraba, gula ta suɓuce daga hannun Baba Jibo ta faɗi a kan tabarma. Gula ita ce 'yar sandar nan mai lanƙwasasshen kai da ake kaɗa kalangu da ita. Ni ce zaune a bayan gilashi da abin sauraro a kunne, don haka ni na fara jin faɗuwarta, tun kafin Mista Iliya ya ɗago kai daga kan injin ɗaukar sauti. Na zaci wasa ne, domin tsohon ba ya rabo da wasa. Sai na ga ya sunkuya zai ɗauka, hannun dama ya ƙi bin sa, bakinsa ya karkace gefe guda. Kalangun kuwa yana nan maƙale a hammatarsa ta hagu. Har muka sa tsohon a mota, har asibiti, bai sake shi ba. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, ta ɗauke masa hannun dama da ƙafar dama da yawancin maganarsa.

Saboda ku na fara wannan babi daga nan, 'ya'yana. Kun tashi kuna jin dangi suna kirana makaɗiyar mahauta a wajen biki, wasu da dariya, wasu da wata manufa. Kun kuma san na yi aikin haɗa sauti har na tsufa a kansa. Abin da ban taɓa zama na gaya muku ba shi ne yadda sunan ya samo asali, da abin da na kusa rasawa a kansa. Na ji wani yana cewa wai kakanku ya kore ni daga gida. Ba a yi haka ba. Ga yadda aka yi.

Kakanku, wanda duk Ƙofar Atiku ke kira Malam, yanar ido ta fara rufe masa gani tun ina sakandare. Mutum ne da littafi ya zame masa kamar abinci, sai ga shi yana riƙe da takarda yana kusanto da ita har ta taɓa hancinsa. Tun daga lokacin na zama mai karanta masa. Kullum bayan la'asar zan shimfiɗa tabarma a shigifa, in zauna a gefensa na dama, in ci gaba daga inda muka tsaya jiya. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce Uwata. Ni yarinya ce mai kunya, ba na iya haɗa ido da mutane, a aji ma ko na san amsa sai in bar wani ya faɗa. Amma a kan tabarmar nan muryata ba ta rawa. A nan ya koya mini karin waƙoƙin wa'azi, yadda ake auna gaɓa mai nauyi da marar nauyi, yana buga yatsa a gwiwarsa ina bi. Duk duniya ba ni da wurin da ya kai wannan tabarma.

Ina shekarar ƙarshe a kwalejin horon malamai aka ce kowane ɗalibin Hausa ya tattaro wani abu na adabin baka. Lokacin sojoji ke mulki, kuɗin mai da aka yi ta facaka da shi ya fara ja da baya, mutane na bin layin sabulu da madara, soja na tsaye da bulala. Malama Rifkatu, wadda ta koyar da ni a sakandare, ita ta ce in zo wurin mijinta, Mista Iliya. Mutanen ƙasar Jos ne, sun daɗe a Sakkwato. Mista Iliya ya yi aikin injiniya a gidan rediyo, da ya bari sai ya buɗe situdiyo a ɗakuna biyu na gidansu a Runjin Sambo, ya manne bango da kwalayen ƙwai da tsofaffin katifu don kada hayaniyar titi ta shigo. Yana ɗaukar masu wa'azi, da mawaƙan coci, da masu tallar magani. A wannan shekara dattawan mahauta suka zo masa da buƙata. Kowane tsohon gidan fawa a birni yana da takensa, wato 'yan kalmomin yabo da kalangu ke faɗa, wanda in ɗan gidan ya ji ko yana barci sai ya tashi. Baba Jibo na Ƙofar Rini shi kaɗai ya rage da ya san su duka. 'Ya'yansa ba wanda ya gaji kiɗa: ɗaya ya shiga soja, ɗaya ya bi 'yan kwangila yana tuƙi tun zamanin da kuɗi ke yawo. Dattawan suna so a sa taken a kaset tun tsohon yana da ƙarfi.

Da na nemi izini, Malam ya ce:

"Ki tahi, tunda gidan Malama Rifkatu na. Kunnenki naki na, alƙalaminki naki na. Amma hannunki kada shi taɓa abin kiɗa. Gidan ga ba a san shi da wannan ba."

Na ce to, kuma da zuciya ɗaya na faɗa.

A situdiyon na tarar da wata na'ura da wani abokin Mista Iliya ya kawo masa daga ƙasar waje. Samfila yake kiranta. Akwati ce mai 'yan maɓallai, an haɗa ta da fiyano na lantarki. Aikinta shi ne ta kama sauti ɗan gajere, kamar tari ɗaya ko bugu ɗaya, ta riƙe shi, in an danna haƙorin fiyano ta maido shi kamar yanzu aka yi. Cikinta ƙarami ne, kuma da wuta ta ɗauke take manta komai, sai an adana a wasu ƙananan faya-fayai. Mista Iliya mutum ne mai gaggawa, ni kuwa ba na gajiya da maimaita abu. Cikin 'yan makonni ya sakar mini ita. Na koyi inda ake tsayar da makirfo, da yadda ake datse shirun da ke gaban sauti da bayansa har ya fito tas. Fiyanon dai ban taɓa shi ba ko da wasa. In ana so a ji abin da na kama, shi ke dannawa.

Duk ranar da aka gama ɗaukar take, sai in roƙi Baba Jibo ya ba ni muryoyin kalangunsa ɗaya bayan ɗaya: bugun tsakiya, bugun gefe, wanda ake danne fata da yatsa, mai ƙarfi, mai taushi. Ban san me zan yi da su ba, ina so ne kawai kada wani ya ɓace. Shi kuwa abin dariya ya ɗauke ni.

"Ɗiyar malam, wai kiɗa kike ɗauka ko tsintar tsakuwa cikin shinkahwa? Bugu guda ki ce in tsaya. Kaza ma ta hi ki cika baki."

"Baba, a sake na ƙarshen. Babur ya wuce."

"To shi ma ɗauke shi mana, ƙila ɗan mahauta na."

Ranar da Mista Iliya ya danna fiyano muryar kalangun ta fito, tsohon ya ja da baya har hularsa ta karkace.

"A'uzubillahi! Injiniya, aku kas sayo?"

Ya matso ya sa kunne, aka sake dannawa. Ya kaɗa kai.

"Muryar tashi ta, ba ni musu. Amma bebe na. Gula bugu kawai takan yi. Magana a hammata take."

Ya nuna mana: ya matse igiyoyin da ke jikin kalangun da damtsensa na hagu, murya ta hau sama, ya sassauta, ta sauko. Da wannan hawa da sauka ne kalangu ke kiran sunan mutum.

Mun ɗauki fiye da rabin taken ke nan ciwon ya same shi. Sauran kuwa bakinsa kawai na ɗauka, domin tun farko na sa ya faɗa mini kalmomin kowane take a kaset, kuma na saurare su har na haddace. Cikin waɗanda suka rage akwai na gidan Garba Dogo, gidan da uban Baba Jibo da kakansa suka yi wa kiɗa. Da gangan ya bar shi ƙarshe, wai ba a fara cin nama daga tsoka.

Bayan an sallame shi, muka je gaishe shi da Malama Rifkatu. Muka same shi a jingine da bango, hannun dama a kan cinya kamar ba nasa ba. Ya gane mu, ya yi ƙoƙarin magana, kalma ta ƙi fita. Matarsa ta ce wani makaɗi ya zo zai ari kalangun ya ƙarasa aikin, tsohon ya yi ta gurnani har mutumin ya fita, ga shi kuma ko an ba shi bai san tsofaffin taken ba. Muna zaune sai na ji wani ɗan ƙara, ƙiiƙ, ƙiiƙ. Kalangun ne a hammatarsa, yana matsawa yana saki, igiyoyi suna kuka, ba bugu. Na zuba wa damtsen ido. Sama, sama, ƙasa, sama. Sai na gane abin da yake faɗa. Taken gidan Garba Dogo ne. Maganar tana nan a hammatarsa ba abin da ya taɓa ta, mai bugu kawai ta rasa.

A jikin fiyanon nan, can ƙarshen hagu, akwai wata 'yar taya da ake murzawa da yatsa. In an tura ta gaba sauti ya hau, in an ja ta baya ya sauko. A hanyar komawa na gaya wa Malama Rifkatu abin da ke raina, ita kuma ta gaya wa mijinta. Washegari ya ɗauko tsohon a mota. Aka zaunar da shi a gefen hagu na fiyano, aka ɗora yatsunsa a kan tayar, na loda muryar kalangunsa daga faifai. Mista Iliya ya danna, Baba Jibo ya murza, kalangu ya yi wata 'yar ƙara kamar mai tambaya. Tsohon ya zaro ido. Amma da aka shiga take sai abu ya watse. Mista Iliya ya iya fiyano ƙwarai, sai dai hannunsa ya saba da waƙar coci, bugunsa a jere yake daidai wa daida, take kuwa gaɓar magana yake bi, wata ta daɗe wata ta wuce da sauri. Suka yi ta fama har Baba Jibo ya ture hannunsa, ya juyo ya nuna ni da haɓa.

Mista Iliya ya ce, "Hadiza, ni ban san kalmomin ba, kuma wani zai tsaya kan injin. Ke kin haddace su. Yatsa biyu ne kawai."

Na ce, "An hana ni."

"Na sani. Ban ce ki saɓa ba. Je ki tambaya."

Da la'asar, bayan na rufe littafi, na gaya wa Malam komai, ban rage ba. Na ce bugun ba nawa ba ne, na Baba Jibo ne da na adana, maganar ma tasa ce, ni dannawa kawai zan yi. Amma ban ɓoye masa cewa fiyano abin kiɗa ne ba, kuma hannuna zai taɓa shi. Na ce, "Baba, ka yarda in yi?" Ya ja tasbaha.

"Zan duba," ya ce.

Wanda ya san Malam ya san wannan kalma. Takan yi kwana biyu, takan yi shekara. Goggo Hajo, yayarsa, wadda ke zaune tare da mu tun rasuwar mijinta, ba ta jira ya duba ba. A tsakar gida ta tare ni ina wanke kwanoni.

"Ke Dije, mi naj ji? Jikar masu alƙalami za ta yi ma mahauta kiɗa? Gobe sai mu gan ki bakin mayanka ana liƙa miki sulalla a goshi!"

"Goggo, a ɗaki ne, ba mai gani."

"Sakkwato ta? Ki yi atishawa Runjin Sambo a yi miki yarhamukillahu Ƙohwar Rini!"

Inna kuwa ta ƙara mini miya a tuwo ranar, wanda a wurinta magana ce.

Makonni suka wuce ina karatu a tabarma, amsa ba ta zo ba. Na sake tambaya sau ɗaya, ya ce bai manta ba. Sai labari ya zo cewa ɗan Baba Jibo, sojan nan, an mai da shi wani bariki a kudu, kuma zai tafi da iyayensa bayan Babbar Salla don ya kula da su. Mista Iliya ya ce tun ranar gwajin nan tsohon kullum da safe sai ya sa a yi masa wanka a sa masa hula, ya zauna yana kallon ƙofa. Na kwana biyu ina juya abin. Ban iya ƙarya ba, ban kuma iya yin abu a ɓoye ba, wannan gidanmu ne ya koya mini. Don haka na durƙusa a gaban Malam na ce:

"Baba, gobe zan je in danna masa. Ban so ka ji a bakin wani."

Bai ce je ki ba, bai ce kada ki je ba. Ya miƙo hannu na ba shi littafin, ya rufe, ya ajiye a gefensa na hagu, inda ba na zama.

Ranar farko muka jeru a gaban fiyano. Na zauna a dama, Baba Jibo a hagu, tazara a tsakaninmu, Malama Rifkatu a kujera tana saƙa. Na sa bugun tsakiya a haƙori ɗaya, bugun gefe a na kusa da shi, mai taushi a na uku. Na rufe ido na faɗi kalmomin a zuci, ina auna su kamar yadda Malam ke buga gwiwa, mai nauyi, marar nauyi. Na farko ya fito kamar akuya ta faɗa rijiya. Baba Jibo ya yi dariya da rabin bakinsa har hawaye, dariyarsa ta farko tun ciwon. Tayar ta yi masa santsi, kuma tafiyarta ta yi nisa, da ya taɓa kaɗan sai murya ta tsallake inda yake so. Na shiga cikin na'urar na rage nisan hawanta har ya yi daidai da iyakar da kalangunsa ke kaiwa, ina gwadawa da tsofaffin ɗaukar da muka yi. Mista Iliya ya naɗa wa tayar ɗan ƙyallen fata don yatsa ya kama. Sannan muka gano cewa in tsohon ya buga ƙafarsa ta hagu a ƙasa, ni kuma na bi ƙafar maimakon in bi kaina, muna haɗuwa. Wuta ta ɗauke mana ba sau ɗaya ba, na'ura ta manta komai, in sake lodawa daga faifai yana harararta. Muka bi taken ɗaya bayan ɗaya. Wani mu same shi kafin azahar, wani ya ci mana kwanaki. In ya yi, zai ɗaga yatsa sama. In bai yi ba, ko Mista Iliya ya ce ya yi kyau, sai ya kawar da kai, ni ma in ce a sake. Mista Iliya ya ce bai taɓa ganin masu taurin kai biyu da suka dace da juna kamarmu ba.

A gida kuwa, tun ranar farko da na dawo na ɗauki tabarma bayan la'asar, na tarar kawunku Bello zaune a wurina da littafi a hannu. Malam ya amsa gaisuwata kamar yadda yake amsa ta kowa. Bai yi faɗa ba, bai hana ni fita ba. Uwata ce kawai ta ɓace daga bakinsa, in zai aike ni sai ya ce a gaya wa yarinyar nan. Nakan zauna a bayan ƙofar shigifa ina jin Bello yana karatu da sauri kamar ana korarsa, yana tsallake layi, Malam na gyara masa daga ka. Wani lokaci bakina ya riga Malam gyarawa, a hankali, ba mai ji. Na yi kuka a wannan lungu fiye da yadda na yi a duk ƙuruciyata, da safe kuma in wanke ido in tafi Runjin Sambo.

Taken gidan Garba Dogo muka yi na ƙarshe, kamar yadda ya so. Da aka gama haɗawa, dattawan mahauta suka zo saurare, suka cika tsakar gidan Mista Iliya da manyan riguna, aka fito da lasifika. Ni ina ɗaki ina leƙe ta taga. Ba a gaya musu wane take aka ɗauka kafin ciwo, wane bayan ciwo ba. Kowane ya fito, sai ka ga wani dattijo ya gyara zama, ana nuna shi ana dariya. Da aka zo na ƙarshe, kalangu ya ce, na Garba mai wuƙa biyu, sa ya gan ka ya durƙusa. Wani tsoho da aka shigo da shi ana riƙe da hannunsa, ƙanen Garba Dogo ne, ya miƙe tsaye ba wanda ya taimake shi. Ya jefar da sandarsa, ya kai hannu ƙugu inda wuƙa take zama, ya ɗaga murya yana kirarin gidansu, jikinsa na tsuma, jikokinsa na riƙe masa riga. Da ya sauko ya nufi Baba Jibo ya kama kafaɗarsa.

"Jibo, ashe ƙarya aka yi muna! Wa yac ce hannunka ya mutu? Wanga bugu ko cikin kabari na san shi!"

Baba Jibo ya ɗaga hannun hagu ya nuna taga. Duk suka juyo. Na durƙushe a ƙasa don kunya, ina jin tsakar gida ta kaure da salati da sa albarka.

Godiyar mahauci nama ce. Washegari da hantsi aka yi sallama a ƙofar gidanmu da cinyar sa guda, mutum biyu ke ɗauke da ita, aka ce a ba ɗiyar Malam mai kalangu. Kafin azahar duk unguwa ta ji. Goggo Hajo ta tsaya a kan naman ta riƙe haɓa.

"Ga sadakin kiɗa ya iso. Saura maroƙa."

Malam ya ce a raba wa maƙwabta, kada a mayar, mayar da kyauta wulaƙanci ne. A gidanmu dai ba a dafa ko tsoka ba. Daga ranar sunan nan ya bi ni.

Bayan Salla, ana jibi za su tafi, da la'asar sai ga motar Mista Iliya a ƙofar gida. Shi da sojan suka riƙo Baba Jibo har shigifa, suka zaunar da shi a gaban Malam, suka koma zaure suka jira. Bello ya tashi ya ba su wuri ya bi su. Ni na kawo ruwa na ajiye, na koma lunguna na bayan ƙofa. Malam ya yi masa maraba, ya yi masa addu'ar samun sauƙi, ya tambaye shi iyali. Baba Jibo ya buɗe baki, ya yi ta kokawa da kalma ɗaya, ba ta fito ba. Ga mai magana ba baki, ga mai saurare ba ido. Sai tsohon ya sa hannun hagu ya ɗago na dama, wanda ya mutu, ya ajiye shi a kan tabarma a gaban gwiwar Malam. Ya bar shi nan. Sannan ya nuna ƙofar da nake, ya dafa ƙirjinsa, ya sunkuyar da kai.

Malam ya ji motsi amma bai ga komai ba sai inuwa. Ya juya kai dama da hagu.

"Wa ke nan? A hwaɗa mini abin da baƙona ke yi."

Ba kowa sai ni. Na matso bakin ƙofa na durƙusa.

"Baba, ya ɗauko hannunsa na dama da na hagu, ya ajiye a gabanka. Ya nuna ni. Yanzu ya dafa ƙirji, kansa a ƙasa."

Malam ya lalubo a hankali har yatsunsa suka sami hannun. Ya riƙe shi, ya juya tafin, ya shafa kantar da gula ta yi shekara da shekaru tana bari a gindin yatsa. Ya daɗe a haka. Sannan ya ɗaga shi da hannu biyu ya mayar masa a kan cinya, ya ce ya ji, Allah ya kai su lafiya, Allah ya sa kaffara ne. Aka zo aka ɗauki tsohon. A bakin ƙofa ya waiwayo ya ɗaga mini yatsa sama, kamar yadda yake yi in take ya yi daidai. Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Na shiga ɗaukar kofin ruwa. Na kai ƙofa ke nan na ji an ce:

"Uwata."

Na dawo na durƙusa.

"Kin yi mini tambaya, na ce zan duba. Na duba littattahai, malamai sun yi magana mai yawa kan kiɗa, kuma ban canza ra'ayina a kai ba. Amma ba nan amsarki take ba, shi ya sa ban same ta ba sai yau." Ya lalubo littafin daga gefensa na hagu ya miƙo mini. "Shekara nawa ina aron idonki, ban taɓa tambayar kowa ko ya halatta ba. Wanda ya ari ido ba shi hana aron hannu. Na yarda. Zauna nan dama, ki koma baya kaɗan, Bello ya tsallake muna shahi guda."